Rigar Motar Kawu

Na Allah muke, gare Shi muka nufa, Kawu dai ya riga mu isa. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a farkon damina, bayan jinyar kwana tara a asibiti a Birnin Kebbi. Yayan mahaifiyata ne, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ne ubana. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma gara in faɗa tun yanzu, da ɓacin rai nake rubutawa. Kuka na yi shi na gama a maƙabarta. Abin da ya rage mini takaici ne, da ƙyamar abin da idona ya gani a cikin kwana bakwai da suka biyo baya.

A gidansa na Badariya aka yi zaman makoki. Maza suna rumfa a ƙofar gida, mata suna ciki. Duk wanda zai shiga ya yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa, dole ya bi ta farfajiya ya ratsa ta gefen wata tsohuwar mota da ke tsaye a gindin darbejiya, jikinta toka-toka, babu sheƙi. Shekara huɗu Kawu ya yi yana gyaran motar nan da hannunsa, saura fenti na ƙarshe ya cika. A shekarun nan huɗu babu wanda ya isa ya jingina da ita. A ranar farko ta makoki na ga an ɗora mata buta biyu a kan bonet. A rana ta biyu wani ya gama cin shinkafa da mai, ya dafa ƙofarta da hannun yana neman takalminsa. Wani kuma ya tofar da tuƙar goro daidai tayar gaba, ya goge baki ya ce, “Allah sarki, mutumin kirki.”

Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen yabo maƙwabcinsa ne na jikin katanga. Shi ne ya laƙaba wa Kawu suna Tsoho Mai Gwangwani, har sunan ya bi unguwa. Amma ga shi a tsakiyar rumfa yana kaɗa carbi yana cewa, “Wallahi ban taɓa ganin mai hanƙuri awa shi ba. Ni kullum ina hwaɗa ma mutane, ku bar tsohon ga da motatai, shi ya san abin da shika yi.” Na dube shi na kau da kai. Wasu kuma suka riƙa leƙa cikin motar suna tambayar juna a hankali ko magada za su rabu da ita. Ƙasar kabarinsa ba ta ko bushe ba.

Motar ƙirar Faransa ce, ta zamanin da ake yin mota da ƙarfe na gaske, mai dogon hanci da fitilu zagayayyu, giyarta a jikin sitiyari. Kakanmu ya saye ta ta hannu lokacin yana fataucin shinkafa da albasa. A cikinta Kawu ya koyi tuƙi kafin ya zama direban manyan motoci, a cikinta kuma aka kai mahaifiyata ɗakin miji Argungu, inda aka haife ni, inda har yau nake koyarwa a makarantar firamare. Bayan rasuwar kakanmu motar ta mutu a tsaye. Da Kawu ya gina gidansa, da igiya aka jawo ta aka ajiye. Ta fi shekara ashirin a nan, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ɓeraye sun cinye wayoyinta kaf.

Da ya bar tuƙi noman shinkafa ya kama a fadamar Zauro, har gwiwa ta hana shi shiga taɓo. Kowa ya zaci zai shimfiɗa buzu a zaure ya zauna da carbi da rediyo kamar sauran sa’o’insa. Sai wata Asabar na zo na tarar ya kori kajin, ya buɗe bonet, rabin jikinsa yana ciki. Na ce, “Kawu, lafiya?” Bai ko ɗago ba ya ce, “Malam, miƙo man sufanag ga. Tsohonmu bai bar ta don ta ruɓe ba.” Malam yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana, don ya ce alli ya lalata mini hannu.

Shekara guda ya yi a kan inji. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi sai da matan unguwa suka fito da bokitai suna zaton gobara ce. Shi kuwa yana zaune a bayan sitiyari yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Daga nan ya koma kan jikinta, kuma a nan ne aikin ya zama abin da mutane suka kasa ganewa. Ya kankare tsohon fenti da tsatsa da hannunsa, taki ɗaya bayan ɗaya. Bayan sallar asuba zai fito da bokitin ruwa da guntun sabulu da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta gugar ƙarfe, ya zauna a kan ’yar kujera ta mata, ya yi ta guga har rana ta kore shi. Zanen yatsunsa sai da ya goge. Ni da nake zuwa duk Asabar sai in ga kamar wurin da na bar shi wancan sati nan na same shi.

Wata rana na ce masa ƙofar nan ai ta yi sumul, ya bar ta haka. Ya kama hannuna ya ce, “Kada ka tambayi idonka. Ruhe shi, ka sa tahin hannu.” Na rufe ido na shafa. Can kusa da mariƙin ƙofa na ji wani ɗan kwari, wanda ko tururuwa ba za ta yi tuntuɓe da shi ba. Ya ce, “Ka ji shi? To hwenti ba shi ɓoye shi. Tona mai asiri za shi yi.” Kwana uku ya ƙara a kan wurin nan.

Kawu ba waliyyi ba ne, kada mai karatu ya ɗauka haka. Yana da zafin rai, kuma idan ya ƙi abu ya ƙi shi ke nan. Akwai wani mai gyaran jikin mota da ya kira gida don ya taya shi miƙar da bayanta inda ta taɓa lotsawa. Mutumin ya duba, ya ce babu buƙatar wahalar guduma, zai kwaɓa fila ya cike ramin, a shafe, babu wanda zai sani. Fila wani kwaɓi ne kamar ƙullu da suke liƙawa ya bushe. Kawu ya ce, “Ni za ni sani.” Mutumin ya yi dariya ya ce, “Baba, kowa haka shika yi yanzu.” Kawu ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki jakar kayan aikin mutumin ya kai ta bakin ƙofa ya dire, ya ce, “Wanga ba gyara ba na, kwalliya ta bisa ƙazanta. Tahi ka yi ma kowa.” Har ya rasu, idan suka haɗu a masallaci, gaisuwa ce kawai ta fatar baki. Na sha ba shi haƙuri, bai saurare ni ba.

Yana da nasa yaren a kan motar. Idan ƙarfe yana fili babu komai a kai, sai ya ce tana tsirara. Fentin farko mai ruwan toka, wanda ake shimfiɗawa don ya kama ƙarfe, shi ne ’yar ciki. Fentin ƙarshe mai launi da sheƙi kuwa babbar riga. Duk mun saba da wannan magana har mun daina dariya.

A shekara ta biyu, cikin tsakiyar damina, motar tana tsirara, an cire mata gilasai, aka yi wani ruwa da rana tsaka wanda ya cika lungunsu har gwiwa. A lokacin tana ƙarƙashin wata ’yar rumfar kwano da ya kafa mata. Matar maƙwabcin nan, mai kiransa Tsoho Mai Gwangwani, naƙuda ta zo mata da gardama. Babu mai keke ko babur da ya yarda ya shigo lungun. Maƙwabcin ya shigo gidan Kawu jiƙe sharkaf, ya tsaya cike da kunya. Kawu bai bari ya roƙa ba. Ya tayar da motar ya fito da ita cikin ruwan nan, aka shimfiɗa tabarma a baya, Inna ta riƙe lema a kan matar, ya kai su asibiti. Ta sauka lafiya. Washegari motar ta wayi gari ja jawur da tsatsa tun daga hanci har baya, aikin wata biyu ya tafi. Na zo na gani na riƙe kai. Ya ce, “Mi ad damuwa? Ta yi aikin da anka yi ta domin shi.” Ya ɗauki bokitinsa ya sake farawa. Bai taɓa yi wa maƙwabcin gori ba, shi kuma maƙwabcin bai daina kiransa da sunan ba, sai dai ya rage murya.

Tun daga ranar Kawu ya ji tsoron ruwa a kan motar. Rumfar kwanon ba ta jima ba gara ta cinye dirkokinta, sai ya sa aka ɗinka wa motar murfi na tamfol daidai jikinta, mai igiya a ƙasa. Wannan shi yake kira riga, riga kawai, ba babba ba. Ya yi mini bayani cewa ’yar ciki tana shan ruwa kamar tsumma, idan ta sha sai tsatsa ta tashi daga ƙarƙashi ba a gani. Don haka duk yamma, ko hadari ko babu, sai ya sa mata riga ya ɗaure.

Launin da zai yi mata ma sai da ya zama wani aiki. Babu wanda ya tuna asalin launinta, don an sha shafa mata fenti iri-iri a zamanin kakanmu. Mahaifiyata ta ce fara ce, Inna ta ce kamar kore-kore. Kawu ya yi ta nema har ya samo shi a cikin murfin tankin mai, inda rana ba ta taɓa gani ba: shuɗi ne mai haske, irin na ruwan bula idan an tsarma shi sosai. Wata biyar yana haɗa fenti yana gwadawa a kan murafan tsofaffin kwanonin Inna, yana jera su a rana kusa da murfin tankin. Ranar da ya dace, ya kira ni a waya yana ihu kamar an yi masa haihuwa. Ya rufe gwangwanayen ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ya ce ba zai yi feshi a damina ba, don laima tana kashe sheƙi, zai jira kaka. Abin da ya rage kawai shi ne ’yar ciki ta ƙetare damina a bushe.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa. Iskar hadarin farko ta bana ta yaga rigar nan tun daga sama har ƙasa. Na ce masa akwai mai ɗinkin tamfol kusa da gidana a Argungu, bari in tafi da ita. Na ɗaure ta a bayan babur. Mai ɗinkin kwana biyu ya yi ya gama. Ni kuwa sati uku ina wuce shagonsa safe da yamma ban tsaya ba. Yau na makara, gobe na gaji, jibi na manta. Duk Asabar Kawu zai ce, “Malam, ina riga?” in ce, “Mai ɗinkin ne, Kawu, sati mai zuwa.” Na ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. Kawu ya riƙa lulluɓe motar da tsofaffin tabarmi yana danne su da duwatsu. A cikin haka ciwo ya kwantar da shi.

Babban ɗansa ya zo daga Abuja inda yake aiki. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara yake ce mini bawansa, ni kuma ina ce masa Na-Abuja. Mutum ne mai son mahaifinsa, ba zan zalunce shi ba. Amma motar nan a waya yake jin labarinta. Idan ya zo hutun salla yakan zagaye ta ya ce, “Baba, in sayo maka wata mana ka huta.” Kawu ya ce masa, “Saura kaɗan, babbar riga ɗai ta rage.”

Ana gobe zai rasu, da la’asar, muna tsaye a bakin gadonsa ni da Na-Abuja. Hadari ya haɗu a gabas, ana jin tsawa daga nesa. Kawu ya buɗe ido ya saurara. Ya ce da ƙyar, “Ruwa na tahe. Kada ku bar ta hakanan. Ku sa mata riga.” Ni yake kallo. Na san me yake nufi sarai. Na sunkuyar da kai na ce, “To, Kawu.” Na-Abuja ya kama hannunsa yana kuka ya ce, “Baba, na yi maka alkawali, da hannuna za ni tsaya a yi.” Na ji maganar, na kuma ji cewa akwai abin da bai zauna daidai ba a cikinta. Kalma biyu za ta gyara. Amma in na buɗe baki, dole in faɗa a gaban ɗansa cewa riga tana Argungu sati uku saboda lalacina. Na yi shiru. Maganar da ya yi mana ta ƙarshe ke nan.

Da aka fara zaman makoki, tabarmi suka yi kaɗan, aka kwashe na kan motar aka shimfiɗa wa baƙi. Shi ya sa ta tsaya a fili kowa yana dafawa. Allah ya taimaka ba a yi ruwa ba a kwanakin. A rana ta huɗu na koma Argungu saboda jarrabawar ɗalibai, na karɓo rigar a ranar, na ce ai ranar addu’ar bakwai zan dawo da ita. Kwana uku ne kawai. Har a nan ban daddara ba.

Ranar bakwai na taso da sassafe, riga a naɗe a bayan babur. An yi ruwa a daren shekaranjiya, hanya duk danshi, tun daga Ambursa gabana yake faɗuwa ina tunanin tsatsa. Ashe da tsatsar ce da na gode Allah. Tun daga bakin lungu warin fentin mai ya tare ni. An shafe ƙofar gidan da wani fenti ruwan hanta mai ƙyalli, saboda manyan baƙin da za su zo daga Abuja. Na tura babur na shiga farfajiya.

Motar ma ruwan hanta ce. Da burushin shafa bango aka yi ta. Mai fentin gida da ya yi ƙofa, shi aka ce ya zarce da ragowar. Ya shafe ta tun daga rufi har ƙasa, bai tsallake mariƙin ƙofa ba, bai tsallake robar gilashi ba, har bambar gaba mai walƙiya da Kawu ya yi wata guda yana gogewa da toka. Fentin ya zuba ya yi hawaye a jikin ƙofofi ya daskare. Sawun burushi kwance a ko’ina, ga gashinsa a manne. Ƙwarin shingen da suka fito bayan ruwa sun faɗa a kai tun yana ɗanye, fuka-fukansu sun rufe bonet, wasu har lokacin suna motsi. Kaza ta hau rufin ta bar sawunta. Na kai yatsa kan ƙofar nan da ya sa na shafa ido a rufe, fentin ya kama yatsana kamar ɗanyen ƙaro. Na goge yatsan a jikin darbejiya.

Maƙwabcin yana tsaye a wurin da wasu mutum uku. Ya ce, “Malam, ka gani? Kwana guda! Abin da tsoho ya kasa shekara huɗu. Ta koma awa sabuwa.” Wani ya ce a matsa zai ɗauki hoto. Da ba gidan makoki ba ne, ban san abin da bakina zai faɗa wa mutumin nan ba. Yaron da aka haifa a dalilin motar yana nan yana yawo a lungu, shi kuma ga abin da ya iya faɗa.

Na-Abuja ya fito cikin farar shadda, idonsa jawur. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Bawana, na cika ma Baba wasiyya. Masu heshi sun ce sai sati biyu, ni kau na rantse ba a yin addu’ar bakwai tana tsaye babu riga.” Ba alfahari kaɗai ne a fuskarsa ba, har da sauƙin zuciya na wanda ya sauke nauyi. Na juya na kwance igiyar bayan babur, na sauke tamfol ɗin na warware shi a ƙasa. Ga siffar motar nan a jikinsa, ga sabon ɗinki ya ratsa tsakiya.

Ya ce, “Mi ne wanga?”

Na ce, “Riga.”

Ya dubi tamfol, ya dubi motar, ya sake duban tamfol. Na ga lokacin da maganar ta isa. Ya ce a hankali, “Ina take tun ran nan?” Na ce, “Wurina. Sati uku kafin ya kwanta.” Ya ce, “Kana tsaye nic ce mai na yi alkawali. Ka ji ni.” Na ce, “Na ji ka.” Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na so ya zage ni, na so ya mare ni a gaban mutane, da na ji sanyi. Bai yi ba. Ya durƙusa a gefen taya da farar shaddarsa ya rufe fuska. Duk ƙyamar da na kwana bakwai ina tarawa a kan masu buta da masu goro da maƙwabci, sai ta juyo ta same ni. Su ba su san komai ba. Ni na sani.

Liman ya aiko a fito za a fara addu’a. Ni da Na-Abuja muka kama bakin tamfol, shi gaba ni baya, muka sa wa motar riga a kan ɗanyen fenti, don kada baƙi su ci gaba da yabo. Aka yi addu’a, aka raba sadaka, aka watse. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da liman ya faɗa ba. Allah ya yafe mini.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Mutum ne da bai iya aikin ganin ido ba, ko a mota ko a zumunci. Ya riƙe ni ina maraya bai taɓa nuna mini bambanci da ’ya’yansa ba, abu ɗaya kuma ya roƙe ni a duniya.

Washegari da hantsi, baƙi sun tafi, na shiga yi wa Inna sallama zan koma Argungu. Ban same ta a ɗaki ba. Tana farfajiya, cikin tsohon zane da hijabi marar ado na takaba, ta yaye rigar motar ta ninke. Tamfol ɗin ya ɗauko fenti a wasu wurare, abin ya ƙara muni. Ta ajiye bokitin ruwa da guntun sabulu, tana zaune a kan ’yar kujera tana duba takardun sanfefa ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Na durƙusa na ce, “Inna, ki gafarce ni. Laifina ne.”

Ta ce, “Na sani. Shi ma ya sani. Ya ce man mai ɗinki ba shi sati uku bisa tsaga guda.”

Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Inna, wannan fentin ba zai fita da sauƙi ba. Sai an kankare har ƙarfe, a sake ’yar ciki, a sake guga. Bari in nemo masu aikin.”

Ta ce, “Masu aiki sun yi nasu, na gani.” Ta zaro takarda ɗaya ta ajiye gefe. “Wagga mai laushi ta, ta ƙarshe ta. Da mai kaushi aka hwarawa.”

Na ce, “A ina kika san wannan?”

Ta ce, “Kai Asabar kaka zuwa. Ni kullum ina nan.”

Na ce mata aikin yana da yawa, ga shekaru, ga ciwon baya, ba aikin kwana biyu ba ne. Ta tsoma sanfefar a ruwa, ta goga mata sabulu, ta ɗora a kan ƙofar direba. Jan farko ya fitar da wani baƙin sauti, ruwa ja ya gangaro ya ɗiga a ƙasa.

Ta ce, “Wata huɗu da kwana goma gare ni, ba inda za ni. Lokacin da za ni hita, kaka ta yi.” Ba ta dube ni ba ta miƙo mini ɗaya takardar. “Kama can baya, Malam. Kuma kada ka ce man sati mai zuwa.”